Gwangwanin Ashanar Baba

Baba ya rasu ranar Talata da sassafe, bayan an fito daga masallaci, a ɗakinsa na kusa da zaure, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Ina shagona na ɗinki a Gwarzo aka aiko mini. Kafin in iso an yi masa wanka an suturta shi, mutane sun cika ƙofar gida har bakin rijiya.

Na shiga ciki na gaida Inna. Tana zaune a kan tabarma, mayafi ya rufe mata rabin fuska, ba ta kuka. Ta ce, "Ka iso?" Na ce na iso. Ta ce, "To je ka, kai ake jira." Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce mai kukan, tana yi tana magana: "Ya huta da tarin nan. Wallahi ya huta. Shekara uku ba ya kwanciya sai a jingine." Wata tsohuwa daga unguwar gabas ta riƙe hannunta tana cewa duk damina shi yake ba ta iri, bai taɓa karɓar ko ƙwaya ba a madadinsa. A waje maza suna ta faɗin alherinsa. Wannan ya ce ba shi da abokin faɗa, wancan ya ce bai taɓa jin ya zagi ɗan wani ba. Sai wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙansa, mutum ne ba shi da aibu, sai dai..." Ba wanda ya ce ya ƙarasa. Duk garin an san abin da ke bayan wannan "sai dai" ɗin.

Aka fito da makara aka ajiye a gindin darbejiya, aka ja sahu. A garinmu Liman ba ya tayar da kabbara sai ya yi tambaya, kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya ƙara tsanantawa a kai. Ya juyo ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanku nan. Wanda mamaci yake bi bashi, ya sami magada. Wanda kuma yake bin mamaci, ya yi magana yanzu tun yana gabanmu."

Yawanci shiru ake yi, ko a ce an yafe. Ran nan sai muka ji gyaran murya daga ƙarshen sahu na biyu. Mai Tireda ne, tsohon da ke sayar da kayan masarufi a bakin titi, sa'an Baba kuma abokinsa tun suna samari.

Ya ce, "Malam, ina binsa."

"Na mene ne?"

"Na taba ne." Bai dube ni ba. Reshen darbejiya yake kallo.

Ɗan Baffana, wanda yake cikin samarin da ke wa'azi a kasuwanni, ya ɗaga murya ya ce bashin taba ba bashi ba ne, abin banza ba a biyansa. Liman ya ɗaga masa hannu. "Ba hukuncin taba muka zo yankewa ba. Mutum ya karɓi kayan mutum, ya yi alkawarin biya. Wa zai ɗauke masa? In babu mai ɗauka, a fitar daga abin da ya bari."

Abin da Baba ya bari gona ɗaya ce, ita Inna take ci. Kowa ya san haka. Kowa kuma ya san ni ne ɗan fari, ni ne mai sana'a a hannu. Amma akwai abu na uku da kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya iya kallona kai tsaye: shekara goma sha biyu kafin ran nan, a wannan ƙofar gidan, na rantse da Allah cewa kobona ba zai shiga bashin tabar Baba ba, ko yana raye ko bayan ransa.

Zan dawo kan abin da na ce wa Liman. Amma ba na so a tuna Baba da wannan tsayuwar kaɗai, don haka bari in faɗi wane ne shi.

Bai taɓa kiran sunana a gabana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. "Yaron Gwaggo" yake ce mini, don ita ta yaye ni. In yana da magana da ni, Baffa yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Ranar da aka kai ni makarantar kwana, shi ya ɗaura akwatina a bayan kekensa, ya tura shi da ƙafa har bakin titi don kada ya hau ya bar ni a baya. Da mota ta zo, ya zaro kuɗi daga aljihu ya miƙa wa Baffa, ya ce, "Ba shi. Ka ce ya riƙa cin abinci ko ba daɗi." Ina nan, taku biyu tsakaninmu. Na karɓa daga hannun Baffa, na yi wa Baffa godiya, Baba yana kallon gonar mutane.

Manomi ne na gaske. Yana da shanun huɗa biyu, fari da ja, yana yi musu magana kamar mutane. Kunyoyin da yake ja a gonar gero miƙaƙƙu ne, daga nesa ake gane gonarsa. Idan ya gama tasa, sai ya ratsa da garma gonar wadda mijinta ya mutu ko wanda ciwo ya kwantar, ya yi musu huɗa ya tafi, ba ya ma tsayawa a yi masa sannu.

Tabar kuwa tana da ƙa'idodinta a wurinsa. Ba ya sha a cikin gida, ba ya sha kusa da masallaci, ba ya aiken kowa ya sayo masa, da ƙafarsa yake zuwa. Yakan zaro kara ɗaya ya buga gindinta sau uku a kan farcen babban yatsa kafin ya kunna. In ya gama ya tauna goro, wai don mala'iku. Gwaggo ce kaɗai take iya taɓa shi a kai.

"Yaya, wai kai ba ka ganin kuɗi kake cinna wa wuta?"

"Ai kara ɗaya ne."

"Na safe fa?"

"Shi ma kara ɗaya ne."

"To Allah ya shirye ka. Rabin kwanon rufin tiredar can hayaƙinka ne, ka je a ba ka haya."

Sai ya yi dariya har ya ƙware. Wannan "ai kara ɗaya ne" na ji ta ya fi a ƙirga. Da ita ya amsa wa Gwaggo, da ita ya amsa wa Baffa, ina jin da ita yake amsa wa kansa.

Yadda bashin ya samo asali, shi ma daga alheri ne. Wata damina kurkunu ya kwantar da Mai Tireda, lokacin tebur kawai yake da shi a gindin bishiya. Baba ya nome masa gona tun daga huɗa har girbi. Da ya warke ya ce muddin yana da taba a teburinsa, Baba ba zai zo ya koma hannu wofi ba, da kuɗi ko babu. Dukansu biyu ba su yi boko ba, sai suka ƙirƙiro nasu lissafin. Duk kwalin da Baba ya ɗauka bashi, zai kunna kara na farko a nan take, ya hure ashanar, ya jefa tsinken a cikin wani gwangwanin madara da Mai Tireda ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Tsinke ɗaya, kwali ɗaya. Idan kaka ta yi, Baba zai kawo gero ko wake, a auna, a ƙirga tsinkayen da hatsin ya biya, a tara su a ƙasa a ƙona. Abin da ya rage ya jira wata kakar.

Ba wanda ya cuci wani a ciki. Amma akwai abin da ba su lura da shi ba. Tsinken ba naira yake nufi ba, kwali yake nufi, kuma a kan farashin ranar biya ake biyansa. Lokacin da farashin kaya yake zaune wuri ɗaya, ba a ga illar haka ba. Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, sai tsinken da aka jefa bara ya zama kuɗinsa ya ninka bana, yana kwance a gwangwani ba wanda ya taɓa shi.

Waɗanda suka ga wannan lokacin sun san yadda aka yi. Sabulu sai an bi layi, taki ya zama sai wane da wane, makaranta ta fara neman kuɗin abinci da na littafi. Ba zan ce taba ce kaɗai ta karya gidanmu ba, ƙarya zan yi. An yi fari, an yi tsada, gidajen da ba mai shan taba ma sun ji jiki. Sai dai su in sun rufe rumbu bayan girbi, abin da ke ciki nasu ne. Mu kuwa kafin a rufe namu, an riga an ɗebi na gwangwani.

Keke ne ya fara tafiya. Baba ya ce ƙafa ta fi lafiya. Bayan shekara biyu jan sa ya tafi kasuwar Getso, ya ce ya tsufa. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka farin ma ya bi shi. Daga nan mutumin da yake yi wa gwauraye huɗa kyauta ya koma yana haya. Ina aji uku Baffa ya zo makaranta ranar ziyara, ya zauna a gindin mangwaro yana ta juya hula a hannu, ya ce, "Babanka ya ce a gaya maka, zangon nan ne na ƙarshe. Ya ce ka yi haƙuri." Na ce to. Da ya tafi na buɗe bayan littafin lissafina, na rubuta kuɗin kwali, na ninka da kwanakin shekara, na ajiye kuɗin makaranta a gefe. Na taba ya fi. Na sake yi ko na yi kuskure. Ban yi ba. Na yage takardar na ninke ta na sa a aljihu, kuma ta daɗe tare da ni fiye da duk abin da na koya a makarantar.

Na koyi ɗinki a Gwarzo. Da na fara samun na kaina, wata bazara na ba Baffa kuɗin taki buhu biyu ya kai wa Baba. Lokacin gonarmu ta bakin rafi ma ta riga ta tafi, saura ɗaya. Da na zo da damina na ga dawar ta yi ja, ba ta kai ƙugu ba. Na tambayi Inna, ta ce ita ba ta ga taki ba. Gwaggo ce ta gaya mini: gwangwani ya cika ya tumbatsa, an buɗe na biyu, Baba ya ji kunya ya kai kuɗin can.

Bayan la'asar ne, dattawa suna zaune a ƙofar zaure. Na zo na tsaya a kansu, ban durƙusa ba. Na yi wa Baba magana kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na lissafa masa: keke, shanu biyu, gonar bakin rafi, karatuna, yanzu kuma takin da na yi wata uku ina taka keke kafin in tara kuɗinsa. Na zaro tsohuwar takardar na karanta masa. Baffa yana cewa, "Kai! Kai! Ubanka ne fa!" Ban saurare shi ba. Na ce, "Wallahi tallahi, daga yau kobona ba zai ƙara shiga bashin taba ba, ko kana raye ko bayan ranka."

Baba ya sa hannu a aljihu, ya taɓa kwalin, ya fito da hannun ba komai. Bai dube ni ba. Ya juya wajen Baffa ya ce, "Ƙyale shi. Ka gaya masa lissafinsa daidai ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka ce ya shiga ya ci abinci kafin ya koma, hanya da nisa."

Ban ci ba. Na tafi.

Na cika rantsuwata. Ban yanke zumunci ba, amma ban ƙara sa kuɗi a hannunsa ba. Taki in saya in kawo da kaina, in tsaya a zuba. Rigar Sallah in ɗinka in aiko. Yana karɓa ya sa albarka ta bakin Baffa. Bai taɓa tambaya ta sisi ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin fushi.

Da Shari'a ta zo, gari ya canza. Aka rufe wuraren da ya kamata a rufe, masu wa'azi suka riƙa zagaya kasuwanni, taba ta koma abin ɓoyo ko da ba a hana sayar da ita ba. Mai Tireda ya kwashe kwalayen daga kan kanta ya tura ƙarƙashin katan ɗin sabulu. Baba ya koma sha a tsakiyar dawa. Ɗan Baffa ya taɓa cim masa a can, ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah, wannan almubazzaranci ne." Baba ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da wannan gemun naka mai gashi bakwai? Jiya-jiya nake share maka majina." Amma ya kashe ta a gindin fartanya, ya soke guntun a cikin hula, ya ce, "Gaskiya ka faɗa, ɗana. Yayanka ya riga ka faɗa, shi har da takarda." Ɗan Baffa ne ya ba ni labarin, yana ganin ya yi nasara. Ni kuwa kalmar "har da takarda" ta daɗe tana damuna.

Ba wa'azi ne ya raba shi da taba ba, tari ne. Muka kai shi asibiti a Gwarzo, daga nan Kano, aka ce ƙirjin ya ci wuta. Ko a nan ban ba shi kuɗin magani a hannu ba, ni nake zuwa in sayo. Ya lura, bai ce komai ba. Ya dawo gida ya daina sha gaba ɗaya, kuma ba ya iya noma, sai ya koma tufka igiyar rama a zaure. Tun hantsi har la'asar yana zaune, rama a ɗaure a babban yatsan ƙafa, yana murzawa yana tari. Tafin hannunsa ya tsattsage. Na ɗauka hannun ne ya saba da riƙe karan taba, yake neman abin riƙewa. Na taɓa tambayar Inna ina kuɗin igiyar suke zuwa, don raina ya ba ni ko yana sha a ɓoye. Ta ce, "Ga shi can a zaure, tambaye shi." Ban tambaye shi ba. Duk zuwan da zan yi ina wucewa ta gaban tireda, ina ganin igiyoyi a rataye jere a jikin kwano, ban taɓa tsayawa na ce me ya haɗa mai sayar da sukari da wannan uban igiya ba.

To, ga mu a sahu, rana tana ɗagawa, Baba yana kwance a gabanmu, Liman yana jira.

Baffa ya matso ya ce a hankali, "Ni ka san ba ni da shi. Ko akuya ba ni da ita." Ɗan Baffa ta ɗaya gefen ya ce, "Yaya, ka rantse fa. Da sunan Allah ka rantse, a gaban mutane." Daga cikin zaure, inda mata suka taru suna saurare, muryar Gwaggo ta fito: "A sayar da gonar, matar ta ci me? Ku gaya mini ta ci me?" Wani ya ce mata ta yi shiru. Liman ya sake cewa, "Jama'a, rana tana yi, kada mu tsayar da bawan Allah."

Ba kuɗin nake ji ba, ban ma san nawa ba ne. Abin da nake ji shi ne shekara goma sha biyu ina riƙe da magana ɗaya, kuma maganar gaskiya ce. Karatuna ya tafi, ba zai dawo ba. In na ce na ɗauka, kamar na ce duk abin da na faɗa ran nan a ƙofar zaure wasa ne.

Na sunkuyar da kai don kada in haɗa ido da kowa. Sai idona ya sauka a kan makara. An naɗe Baba da tabarma, an ɗaure ta wuri uku da igiyar rama, sabuwa, mai murɗi biyu, irin tasa. Na tsaya ina kallonta. Sai na tuna inda na saba ganin irinta a rataye, jere a jikin kwano, shekara uku.

A daidai lokacin Mai Tireda ya buɗe baki. "Malam, tunda abin ya zama haka, ni dai na ya..."

Na ce, "Na ɗauka."

Liman ya juyo. "Ka san nawa ne?"

"Ban sani ba, Malam. Na ɗauka."

"Rantsuwarka fa?" in ji ɗan Baffa.

Liman ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara. Ku daidaita sahu." Ya juya gabas ya ɗaga hannu.

Bayan sadakar bakwai na je tireda da hantsi. Mai Tireda ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jawo gwangwani uku daga ƙarƙashin kanta. Biyu ba komai a ciki sai baƙin toka a gindi. Na ukun ya juye. Muka ƙirga tare, goma-goma, ya zama ɗari huɗu da goma sha bakwai.

Ya ce, "Ranar da ya daina sha, ukun nan a cike suke. Biyun nan da igiya ya biya su. Ni nake kai masa Getso in sayar, mu zauna mu ƙona. Wata ran tsinke uku, wata ran biyar. Ya so ya gama kafin ya tafi."

Na ce, "Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ya hana. Ya ce ka rantse, kuma a kan gaskiyarka ka rantse, ba zai sa ka karya ba." Ya share ido da bakin riga. "Sati biyu kafin ya rasu ya aiko na je. Ya ce in Liman ya tambaya in tashi in faɗa, kada a binne shi da ɓoye-ɓoye. Ya ce kada in yafe, haƙƙin iyalina ne. Ya ce kuma in na tashi, kada in dube ka, kada mutane su ce na matsa maka. Biyu na cika. Na ukun, na yafewar, saura kaɗan in ci amanarsa, kai ka tare ni."

Ya ce, "Ka san a nan yana kiran sunanka?"

"Sunana?"

"Na yanka. A nan kaɗai. In ka wuce a mota ya ce ga wane can, ɗinkinsa ya fi na duk telolin Gwarzo. In ce to je ka gaya masa mana, tsohon banza. Ya ce in rufa masa asiri."

Ya so ya yi mini lissafi a kan tsohon farashi. Na ce a'a, yadda suka saba za a yi, tsinke ɗaya kwali ɗaya, farashin yau. Kekunan ɗinki biyu nake da su, na sayar da ɗaya, na cika da abin da na tara. Gonar Inna tana nan, bana wake aka zuba mata. Kaffara kuwa Liman ya ce in ciyar da miskinai goma ko in tufatar da su. Na zaɓi tufatarwa. Na ɗinka riguna goma a kan keken da ya rage, ɗaya na kai wa tsohuwar unguwar gabas, wadda Baba yake ba iri.

Ranar da na kai cikon kuɗin, Mai Tireda ya tara tsinkayen a ƙasa a bayan tireda, inda suka saba. Ya miƙo mini ashana ya ce ni zan kunna. Ban taɓa shan taba ba, hannuna bai iya ba, sai a karo na uku ta kama. Tsinkayen da aka riga aka ƙona ba sa yin wuta sosai. Suka ci a hankali, hayaƙi siriri ya tashi, ƙamshin ya zama irin wanda nake ji a rigar Baba in ya wuce ni a zaure ba tare da ya dube ni ba. Keke yana cikin irin wannan tokar, da shanu biyu, da gonar bakin rafi, da aji uku na makarantar da ban ƙarasa ba. Lissafin da na yi a bayan littafi har yau daidai ne, ban janye ko lamba ɗaya ba. Abin da ban sa a cikinsa ba shi ne tsohon da zai zauna shekara uku yana murza rama da tsagaggen hannu don kada ɗansa ya yi kaffara.

Igiyar da ya fara bai gama ba tana nan a zaure, a rataye a ƙusa. Inna ta ce a bar ta.

Wanda ya karanta wannan, in ya san Baba, ina roƙonsa ya cire "sai dai" ɗin nan in zai ambace shi. An biya. Allah ya yafe masa abin da ke tsakaninsa da Shi, ya yalwata masa kabari, ya sanyaya masa ƙirjin da ya sha wahala. Ni kuma Allah ya yafe mini abincin da ya ce in ci ran nan na ƙi.